Yadda Fankar Baya Ta Kai Ni Jiratawa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban ɗaura waya ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wanda ya zo aron sufana sai ya tambaya, wanda ya zo wucewa sai ya tambaya, har mai kawo mana abinci ta ce wai da gaske ne an tsare ni a can. Ba a tsare ni ba. Kwana biyu na ce zan yi, na yi shida, iyakar abin ke nan. Ga labarin nan gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar in ci gaba da aikina.

Wanda ya ja ni tafiyar sunansa Illa, direban wani babban ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Bara motarsu ta taɓa ɗauke wuta a nan Kano, na gano musu matsalar, muka rabu da mutunci. Ran wata Asabar sai ga shi a garejinmu, ba mota, daga shi sai 'yar jaka. Dattijo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa.

"Malam Habu, iskar baya ce ta ƙi," in ji shi. "Alhaji ya ce in zo da kai."

Motar Alhajin babbar jif ce mai esi biyu, wato na'urar sanyi. Na gaba daban, na baya kuma yana da fankarsa a ɓoye cikin bangon but, saman tayar baya. Alhaji a baya yake zama, don haka wannan fankar ita ce tasa. Na tambayi Illa ko an duba fiyus. Ya ce an canza sau uku. Fankar kanta fa? An sa sabuwa.

"To yanzu ta mutu gaba ɗaya?"

"A'a. Cikin gareji tana aiki kamar jiya anka sayo ta. Sai mun kama hanya."

Duk ɗan rewaya ya san babu abin da ya kai wannan cin rai. Abu ya mutu ya tsaya a mace, ka bi shi ka kama. Amma wanda zai mutu a bayan idonka ya farka a gabanka, wannan sai ya sa ka fara zargin kanka. Da na san abin da ke gaba da na ce ina da biki. Sai na haɗa tasta, da mita, da 'yan sufanu, muka nufi tasha.

Daga Kano zuwa Katsina ba abin labari, illa direbanmu ya shiga layin mai da mu a ciki, muka gasu har azahar ta gota. Daga Jibiya muka shiga wata Fijo da aka danna mu huɗu a gaba, giya a tsakanin ƙafafuna. Da muka tsallaka iyaka zuwa ɓangarensu sai muka tarar da ƙarfen shinge a ƙasa, ma'aikata kuma suna ƙarƙashin bishiya suna shan shayi. Wai suna yajin aiki, an daɗe ba a ba su albashi ba. Ba wanda ya ɗaga mana murya. A wajenmu mai kaki yakan yi maka tsawa ya sake ka. Su nasu zai gaishe ka, ya tambayi iyali, sannan ya bar ka a rana.

Wani jandarma ya karɓi takarduna ya tambayi sana'ata. Na ce rewaya. Ya dubi Illa. Illa ya faɗi wata doguwar kalma ta Faransanci, nan take fuskar mutumin ta washe. Ashe fitilar babur ɗinsa ce ta yi sati ba ta kamawa. Haka na tsuguna a bakin iyaka na gyara fitila, wani ya kawo rediyo, wani ya kawo tocila. Sai da rana ta yi sanyi aka ɗaga ƙarfen.

Mun shiga Maraɗi gab da magariba. Motar da na zo dominta ba ta gida, wai Mushe ya fita da ita. Na ɗauka zagi ne, na dubi Illa. Ya ce haka suke kiran malamin makaranta. Mushe Sanusi mijin ɗiyar Alhaji ne, da can yana koyarwa, yanzu shi ke riƙe da harkar jam'iyyar da Alhaji yake goyon baya. A nan na fara gane inda na faɗo. Ƙasar ta shiga siyasar jam'iyyu da zafinta, kowane bango da fenti, kowane mai kuɗi da nasa ɓangaren. Alhaji ba takara yake ba, amma kusan kullum yana ƙauye yana taro, abin da suke kira mitin.

Masaukin da aka ba ni wani ɗaki ne a Sabon Gari, cike da dilolin atamfa mai hoton ɗan takara. Ta ko'ina na juya mutumin yana kallona yana murmushi. Wuta babu, famfo yana tari ba ruwa, su ma masu wannan aikin suna yaji. Da safe aka kawo mini burodi dogo kamar sanda, mai ɓawon da ya kusa yanka mini dasashi, da shayi a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba. Na kurɓe na miƙe, aka ce in zauna, saura biyu. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da mutanen Kano za su ji haushi: furarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba.

Ran Lahadi na ga Alhaji. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Malam Habu, an ce hannunka na da albarka. Ni dai abin da nika so, in isa gari kamar mutum, ba kamar wanda anka tsamo daga rijiya ba."

"In Allah ya yarda, ranka ya daɗe. A ba ni motar yini ɗaya."

Mushe Sanusi, wanda ke tsaye da tabarau da tarin takardu a hammata, ya ce yini ɗaya ba zai yiwu ba, awa ɗaya dai. Ya kuma hana a sauke kayan but: tabarmi, tutoci, jarkoki biyu na fetur, da wasu tarkace. Ta wata 'yar ƙofa a jikin bangon na zura hannu.

Na bi abin daki-daki kamar yadda aka koya mana. Fiyus lafiya. Rile, ɗan abin da ke sakar wa fanka wuta, yana yin ƙara ƙas da zarar an murɗa maɓalli. Na ja waya daga batir kai tsaye zuwa fanka, ta juya har tana hura mini ƙura a ido. Maɓallin gaba lafiya, na baya lafiya. Sai a jikin rizista, abin nan da ke rage wa fanka gudu, na ga wani ɗan baƙi-baƙi kamar ya taɓa zafi. Na ce to, ga ɓarawon.

Neman rizistar ya ci sauran yinin. Mun isa shagunan kayan mota da rana tsaka, muka tarar duk an rufe, wai kowa ya tafi hutun rana sai la'asar. A Kano wanda ya rufe shago a wannan lokacin sai a je gida a duba ko lafiya. Da suka buɗe kuma sai rikicin suna. Na ce fiyus, suka ce fuzibil. Na ce sukundireba, suka ce turnabis. Hausa muke yi da juna sarai, amma da an zo kan ƙarfe sai mu koma kurame. Ƙarshe tsohuwar na ɗora a kan tebur, mai shago ya ce, "To ka ce rezistans mana!" Na sa sabuwa, fanka ta yi ta busawa, na je na gaya wa Alhaji da bakina cewa an gama. Wannan maganar har yau tana ba ni kunya.

Washegari aka nufi garin Tsibiri mitin. Ni aka sa ni a akori-kura ta baya tare da matan jam'iyya da makaɗa, wata ta ɗora mini kwandon tutoci a cinya. Tafiyar ba nisa. Muna dosar gari lasifikokin da ke kan jif suka ɓarke da waƙar jam'iyya, murya a shaƙe kamar mai mura, mata suka ɗauki guɗa, yara suka biyo mu da gudu. Aka yi ta zagaya gari a hankali kafin a tsaya. Da aka buɗe wa Alhaji ƙofa sai ga shi ya fito sharkaf, babbar riga ta manne masa a baya, zufa tana ɗiga daga gemu. Kallo ɗaya ya yi mini ya wuce.

Mushe Sanusi ne ya tsaya. "Ka gani ko, Malam? Na hwaɗa ma Alhaji, wanga ba aikin waya ba ne. Aikin hannu ne."

Da aka shiga jawabi a can cikin fili na lallaɓa na tada motar. Fanka ta kama, iska mai sanyi, kamar tana yi mini dariya. Wata tsohuwa mai tallan gyaɗa da ke kallona ta ce in daina wahalar da kaina, motar iska ce ta shige ta, akwai masu wannan aikin a garin. Na ce, "Iya, ai rashin iskar ne ya kawo ni."

A gindin wata bishiya, muna cin dambu, Illa ya gaya mini abin da ya ɓoye tun daga Kano. Shi mutumin Jiratawa ne. Wansa shi ne jigon ɗaya jam'iyyar a can. Wata biyu ke nan Mushe Sanusi yana gaya wa Alhaji cewa Illa ne ke kashe fankar daga maɓallin gaba, da gangan, don Alhaji ya fito gaban jama'a a wulaƙance. Zuwana ma Illa ne ya roƙa, ba Alhaji ya nema ba.

"Shekara goma sha tara ina jan shi," in ji Illa. "Yanzu ya ce ran Alhamis za mu Jiratawa. In ta mutu, in aje lakile nan gaban mutanenmu."

Lakile makulli ke nan. Na ajiye dambun. Na zo gyaran fanka, ashe abincin mutum da mutuncinsa aka ɗora mini a ka, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini.

Talata ba a ba ni motar ba, an kai baƙi wani wuri. Na yini ina kallon ɗan takara yana kallona. Laraba aka ba mu awa biyu. Na ce wa Illa ya nemi hanya mafi muni a garin. Muka faɗa ramuka, muka hau burji, muka tsaya a rana da inji a kunne har bonet ya ƙi taɓuwa. Na jijjiga duk wayar da hannuna ya kai. Fanka ko gezau. Na koma na tambayi Alhaji daidai lokacin da take mutuwa.

"Duk sa'ad da munka doshi gari," ya ce. "Kamar ta san hanya."

To waya ba ta san gari ba. Mutum ne ya san gari. Allah ya yafe mini, a nan zuciyata ta fara karkata. Da muka keɓe na ce, "Illa, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa maɓallin nan?"

"Kai ma, Malam Habu?" Iyakar abin da ya ce ke nan, ya tashi ya ɗauki tsumma ya hau goge gilashin da ba shi da datti.

Ran Alhamis da safe na tare Alhaji a ƙofar gida. Na ce yau ba zan shiga akori-kura ba. A cikin but zan zauna, a cire bangon gaba ɗaya, in ga abin da idona. Mushe Sanusi ya ce wannan abin kunya ne, a shiga gari da mutum a but kamar rago, mota a tsiraice. Na ce to a nuna mini hanyar tasha. Alhaji ya ce a bar ni. Minti biyar aka ba ni na ɓalle bangon, ana ta yi mini hon.

Haka na naɗe tsakanin jarkokin fetur da tabarmi, gwiwa a haɓa. Tun da na riga na tabbatar wuta tana zuwa, sai na ce yau hanyar komawarta zan sa wa ido, wato wayar da ke fita daga fanka ta kama jikin mota, wadda su suke kira mas. Na maƙala tasta tsakanin wannan wayar da wani ƙarfe mai tsabta na ƙofa. In hanyar lafiya take, ƙwan ba zai kama ba. Muna fita daga gari na ga zaren ƙwan ya yi ɗan ja kaɗan, wanda da a rana ne ba zan gani ba. Na gyara zama.

Muka gangara wajen gonakin rani na Jiratawa, kore shar ga ruwa yana bin kwalbatoci, ni kuwa ban da warin fetur ba abin da nake shaƙa. Can na ji Mushe Sanusi daga kujerar gaba ya ce, "Mun iso," ya kai hannu ƙarƙashin dashbod. Waƙa ta ɓarke a saman kaina. A daidai wannan lokacin ƙwan tasta ya haska fau, fanka ta yi wani gurnani ta ja ta tsaya. Hannayen Illa duka biyu suna kan sitiyari, ina ganinsu.

Sai warin roba. Na bi wayar da yatsa, ƙasa, bayan inda ake ajiye jak, har na kai kan wani noti. Ban san sanda na yi ihu ba, notin kamar an ciro shi daga maƙera. Na leƙa. Waya biyu ce a kansa: ta fanka, da wata irin ta gida wadda ba ta kamfani ba, an murɗa ta da hannu an saƙala, notin ko ɗaurewa bai yi ba, ƙarƙashinsa duk tsatsa. Na bi baƙuwar wayar, ta shige ƙarƙashin tabarmi ta kai ni ga amfilifayar lasifika. Robar wayar ta narke tana hayaƙi, tazararta da jarkar fetur bai fi taƙi ɗaya ba.

"Ku tsaya! A kashe!" Ba wanda ya ji, waƙa ta cika motar. Na miƙa hannu ta saman kujera na girgiza kafaɗar Alhaji har hularsa ta faɗo. Illa ya hango ta madubi ya taka birki, daidai bakin filin da jama'a suka taru.

Jarkokin na fara fitarwa. Sannan na ce Alhaji ya zagayo ya gani, ya zo yana huci, hula a hannu.

"Mushe, kashe waƙar." Ya kashe. Fanka ta ɗauka. "Kunna." Ta mutu. Sau uku muka yi, mutanen gari sun kewaye mu suna leƙe.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙofa ɗaya ce aka ba su su biyu, ita ma a toshe. In fanka ce kaɗai takan matsa ta wuce. In lasifika ta shigo sai su cushe, fanka ta tsaya, lasifika ta shaƙe. A gareji ba wanda ke kunna waƙa, shi ya sa ba wanda ya kama ta. Yau da mun ƙara zagaye ɗaya, da ba zufa za a yi magana a kai ba. Wa ya haɗa wannan?"

Sannan Mushe Sanusi ya cire tabarau ya ce shi ne, shi da wani mai gyaran rediyo, da sauri suka yi ana gobe mitin na farko.

Na kankare tsatsar, na yanke inda ya ƙone, na ba amfilifaya nata notin daban, na ɗaure kowanne tam. Aikin da ya hana ni gida kusan mako bai kai minti goma ba. Na ce a gwada. Mushe Sanusi ya juya abin zuwa makirfo, ya hura sau biyu, ya ajiye a kan kujera. Fanka tana busawa.

Alhaji ya sunkuya ta ƙofar, kansa daidai kujerar. "Ashe kai ne, Sanusi! Wata biyu kana cika mani kunne da Illa, Illa, har na ce shi aje lakile gaban danginshi, ashe hannunka ne!"

Maganar ta fita ta lasifika huɗu, tar, ba shaƙewa ko kaɗan. Har masu ban ruwa a gonaki suka ɗago. Sai wani dogon mutum mai kama da Illa ya fashe da dariya daga can gefe, sauran suka ɗauka.

Na ɗauka Alhaji zai shige mota ya ce a juya. Ya tsaya yana kallon makirfon. Sai ya ɗauka, ya sa hularsa, ya juyo ga jama'a.

"Tunda kun ji wannan, ku ji sauran. Illa ɗanku ne. Na zarge shi da cin amana, bai ci ba. Ni na yi kuskure. Illa, ka yahe mani."

Illa yana zaune a mazauninsa, bai fito ba. Ya dai ɗaga hannu ɗaya ta taga. Aka yi mitin, aka yi kiɗa. Ko an samu ƙuri'a a garin ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wan Illa ya aiko mini da buhun tattasai, wanda na sha wahalarsa a kowane shinge har Kano.

Juma'a da safe Illa ya kai ni tasha a cikin jif ɗin. Ya ce in zauna a baya in ji aikina, na ƙi, na zauna kusa da shi. Na ce masa ni ma ina neman gafara kan tambayar da na yi. Ya ce ba komai. Sai da ya sauke mini buhun ya ce zai ci gaba da jan Alhaji har a gama zaɓe, don kada a ce ya gudu. Bayan nan zai koma Jiratawa, akwai ɗan filinsa kusa da na wansa.

"Haba Illa," na ce, "mutumin nan ya roƙe ka a gaban garinku kaf."

"Ya roƙa, kuma na yahe har cikin raina." Ya dubi tafin hannunsa. "Amma wata biyu ina tuƙi ana kallon hannuna. Yanzu ko hon za ni taɓa, sai in ji ina son in hwaɗa ma wani tukuna. Ba a jan mota haka, Malam Habu."

Kwandasta yana ta kiran Jibiya. Illa ya ɗora mini buhun a but da kansa, ya tsaya har muka fita daga tashar.